Lauyan gwamnati: shari'ar da ake yi a Yamai, a biron Magarya ake ƙulla ta

Idan aka ce wane ya kai gwamnati ƙara, abin da mutane suka fi saurin faɗi shi ne ya tsokano tsuliyar dodo. A tashar Magarya ko a rumfunan kasuwar Dungas, da wuya a sami wanda zai yarda cewa talaka yana iya tsayawa da hukuma gaban alƙali har ya fito da kansa a sama. Alhali kuwa gwamnati tana shiga kotu kamar kowa, takan ci, takan kuma faɗi, kuma in ta faɗi daga baitulmali ake ɗebo kuɗin biya, wato daga lamhon da ɗan kasuwa ya zuba da abin da aka yanka a albashin ma'aikaci. Akwai mutanen da aikinsu ke nan dare da rana, su tsaya a madadin ƙasa su ba da amsa. Su ne lauyoyin gwamnati.

Ya kamata tun farko a raba su da mai gabatar da ƙara, domin jama'a suna yawan haɗa su. Mai gabatar da ƙara alƙali ne, da sunan al'umma yake magana, ɓarawo da mai kisa da mazambaci yake bi. Shi kuwa lauyan gwamnati, wanda yake karewa ƙasa ce a matsayinta na mai ɗaukar ma'aikata, mai sayen kaya, mai ba da kwangila, mai motoci a kan hanya waɗanda kan buge mutum ko dabba. Shekaru da dama wani sashe ne a ƙarƙashin babban sakataren gwamnati yake riƙe da wannan aiki, har zuwa zamanin shugaba Mahamadou Issoufou, lokacin da aka kafa hukuma ta musamman a Yamai, wadda aka fi sani da AJE. Ita ce ke wakiltar ƙasa a kotuna, ko ita aka kai ƙara ko ita ta kai, tana bin bashin da ƙasa ke bin mutane, tana kuma iya yin sulhu in ta ga shari'a ba za ta haifi ɗa mai ido ba. Ma'aikatanta masana doka ne, kuma in shari'a ta yi nauyi akan ɗauko lauyoyi masu zaman kansu su dafa.

To, ina ruwan mutumin Washa ko na Dogo-Dogo da wani biro da ke kusan kilomita 1000 daga ƙofar gidansa? Ruwansa kuwa da yawa. Gundumomin Magarya da Dungas, waɗanda ƙasa guda ce kafin a raba su a shekarar 2011, sun tara mutane fiye da dubu 900 a ƙidayar 2012. Wannan taro yana nufin makarantu birjik, gidajen likita, ma'aikatan gona da na daji, ƴan duwan a bakin iyaka, ofisoshin magajin gari a Bande da Kwaya da Yekuwa da Gushi da Mallawa. Ko'ina aka ɗauki mutum aiki, wata rana za a yi masa canjin wuri, ko a tsayar da albashinsa, ko a sallame shi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan takarda ce da wani ya sa wa hannu. Lauyan da ke Yamai bai taɓa ganin fuskar ma'aikacin ba, bai san garin ba, wataƙila bai taɓa wuce Dogon Dutsi ba. Abin da ke gabansa dosiye ne kawai, kuma dosiyen nan wani perefe ko sufeton makarantu ko magajin gari ne ya cika shi, ko ya kasa cika shi, watanni ko shekaru kafin a ce za a je kotu.

Ƙofa biyu, alƙali biyu

Abu na farko da lauyan gwamnati ke dubawa idan takardar ƙara ta iso teburinsa ba shi ne wa ke da gaskiya ba. Tambayarsa ita ce: wannan mutum ta ƙofar da ta dace ya shigo? Domin dokar da Nijar ta gada daga Faransa ta raba masu yi wa ƙasa aiki gida biyu. Akwai cikakken ma'aikacin gwamnati, mai lambar aiki, wanda aka naɗa a mukami na dindindin. Shi dokar ma'aikatan gwamnati ce ke riƙe da shi, ta ranar 23 ga Yuli 2007, wadda ta gaji ta Disamba 1989, kuma rigimarsa gaban alƙalin harkokin mulki take zuwa. Akwai kuma direba da mai gadi da ɗan aike da mai shara, waɗanda su ma gwamnati ke biya amma dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ce ke kare su, daidai da ma'aikacin gidan burodi ko na kamfanin sufuri. Su hanyarsu takan bi ta wurin sufeton ƙwadago, wanda ke ƙoƙarin sasantawa, in abin ya faskara a wuce kotun ƙwadago, inda alƙali ke zama tare da wakilin masu ɗaukar aiki da wakilin ma'aikata, kuma ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Ko a wajen fansho ma ba tukunya ɗaya suke ci ba: direban yana CNSS, mai lambar aiki yana asusun ritayar ma'aikatan gwamnati.

Wannan rabo yana da tarihi, kuma tarihin ya fi yadda ake zato kusa da gida. A birnin Bordo na Faransa, a 1871, wani keken ɗaukar kaya na masana'antar taba ta gwamnati ya take wata yarinya mai suna Agnès Blanco. Ubanta ya nemi diyya a kotun kowa da kowa. Ranar 8 ga Fabrairu 1873, kotun da ke raba gardama tsakanin kotuna ta ce a'a, ɓarnar da ƙasa ta yi cikin aikin jama'a tana da nata ƙa'idodi da nata alƙali. Daga nan dokar harkokin mulki ta tsiro. Shekaru 48 bayan haka aka sa mata iyaka, kuma a Afirka ta Yamma dalilin ya auku. A watan Satumba 1920, jirgin fito na Eloka, wanda hukumar mulkin mallaka ta Kodebuwa ke gudanarwa tana karɓar kuɗi, ya nutse da motoci a cikinsa. Ɗaya daga cikin motocin ta kamfanin SCOA ce, wanda tsofaffin ƴan kasuwar gyaɗa na Damagaram ba su manta da sunansa ba. Ranar 22 ga Janairu 1921 aka yanke cewa in gwamnati ta shiga sana'a irin ta ɗan kasuwa, to a yi mata shari'a a inda ake yi wa ɗan kasuwa. Har yau ɗaliban doka a Yamai suna haddace waɗannan shari'o'i biyu, kuma saboda irin wannan tunani ne ma'aikacin kamfanin gwamnati, ko na wuta ko na ruwa, ba a lissafa shi cikin masu lambar aiki.

Wanda ya ɓata ƙofa, lauyan gwamnati ba ya buƙatar ya ce uffan kan gaskiyar maganarsa. Shafi guda ya isa: wannan kotu ba ta da hurumi. Mutum ya koma ya sake sabon lale, in lokaci bai riga ya ƙwace masa ba.

Inda gwamnati ke faɗuwa

A ɗauki misalin da kowane sufeto ya sani. Malamin makaranta a wani ƙauye na kan iyaka ya daina zuwa aji. Ana cewa ya koma fataucin dabbobi, duk Alhamis yana kasuwar Maigatari. Mai gari ya kai kuka, iyayen yara sun kai kuka, daraktan makaranta ya faɗa wa sufeto da baki. Bayan wata uku aka tsayar da albashinsa, bayan shekara aka fitar da takardar kora. Duk garin ya san malamin ba shi da gaskiya. Amma sai ya sami mai ba shi shawara, ya kai ƙara yana neman a soke korar.

Dosiye ya iso Yamai. Lauyan gwamnati ya buɗe, yana neman abubuwa ƙalilan. Ina takardar da aka rubuta wa malamin ana neman ya yi bayani? Ina gargaɗin da aka aika masa cewa ya koma bakin aiki kafin rana kaza, kuma ina shaidar cewa ya karɓa, sa hannunsa ko na wanda ya miƙa masa? In ta hanyar ladabtarwa aka bi, an ba shi damar ya ga abin da ake zarginsa da shi, ya kare kansa gaban majalisar ladabtarwa, wadda wakilan ma'aikata ke ciki? Wanda ya sa hannu a takardar kora, doka ta ba shi ikon yin haka, ko mataimaki ne ya sa don maigida ya yi tafiya? In waɗannan babu, shari'ar ta mutu tun kafin a fara ta. Alƙalin harkokin mulki ba ya zuwa ƙauye ya tambayi mai gari. Shari'arsa a rubuce take, takarda ke amsa takarda, kuma abin da yake aunawa huɗu ne: ko mai sa hannu yana da iko, ko an bi matakan da doka ta shimfiɗa, ko hukuncin ya saɓa wa doka, ko kuma an yi amfani da iko don wata manufa daban, kamar huce haushin siyasa da sunan gyaran aiki. Ɗaya ya isa a rushe komai.

In aka rushe kuwa, a idon doka kamar ba a taɓa korar mutumin ba. Dole a mayar da shi, a gyara masa matakan girma da ya rasa, sannan ƙofar neman diyya ta buɗe. Yaran da suka yi shekara ba malami ba su sami komai ba, baitulmali kuma ya biya. Laifin a nan ba na lauya ba ne, ba kuma na alƙali ba. Takarda guda ce da ba a rubuta ba a wani biro mai tebur ɗaya, wataƙila don babu tawada a injin, wataƙila don sufeton yana jin nauyin dangin malamin, wataƙila kuma don an saba cewa maganar baki ta manya ta wadatar.

Akwai kuma akasin haka, kuma shi ya fi ciwo. Ma'aikaciyar lafiya da aka tura wani wuri mai nisa don ta ƙi wani mai faɗa a ji, ko ɗan ƙungiyar ƙwadago da aka yi wa canjin wuri washegarin yajin aiki, suna da gaskiya tsantsa, amma sukan faɗi saboda lokaci. Kafin a nemi alƙali ya soke hukuncin hukuma, wajibi ne a fara rubuta wa wanda ya yanke shi ko na gaba da shi, a nemi ya janye. Wa'adin yin haka gajere ne, kuma daga ranar da aka miƙa wa mutum takardar ake fara ƙirga shi. In hukuma ta yi shiru, shirun nan ƙi ne, wani wa'adin kuma ya fara tafiya. Mutumin ƙasar Hausa kuwa ba da takarda yake fara neman haƙƙinsa ba. Sai ya je wurin kawu, kawu ya je wurin sarkin kanto, a jira ɗan majalisa ya zo hutu, a yi ta a-yi-haƙuri har damina ta wuce. Ranar da ya yanke ƙauna ya nufi kotu, lauyan gwamnati kwanan wata kawai zai nuna. Ana iya ganin wannan rashin tausayi ne, kuma lalle babu daɗi. Sai dai lauyan da ya ga wa'adi ya wuce ya kau da kai, ya ci amanar wanda ya ɗauke shi aiki. Wanda ya san hanya yakan yi duka biyun: ya tura kawu, ya kuma ajiye wasiƙarsa a biro, a buga masa hatimi da kwanan wata a kan kwafin da zai riƙe. Sannan ya koma bakin aikinsa a inda aka tura shi, domin kai ƙara ba ya dakatar da hukuncin hukuma, kuma wanda ya zauna gida yana jiran alƙali ya ba da sandar da za a doke shi.

Tsakanin gidajen nan biyu akwai taro mai yawa da ke tsaye a soro, su ne ƴan kwantaragi. Tun ƙarshen shekarun 1990, bayan faɗuwar darajar sefa a Janairu 1994 da shekarun da ma'aikata suka yi suna ƙirga watannin albashin da ba a biya ba, gwamnati ta koma ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantaragi, har suka fi masu lambar aiki yawa a makarantun firamare. A 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, aka yi musu jarrabawar tantancewa duk da adawar ƙungiyoyinsu, aka kuma soke kwantaragin dubbai. Ko me mutum zai ce game da buƙatar tantancewar, ta nuna yadda igiyar da ke riƙe da ɗan kwantaragi take da siriri. A irin rigimarsu, gardamar farko takan tsaya ne kan wane alƙali ke da hurumi da abin da takardar kwantaragin ta ƙunsa, takardar da da yawansu suka sa wa hannu a tsaye ba su riƙe kwafi ba.

Ɗan kasuwa da bashin hukuma

Ɗan kasuwa shi ma yana da nasa rabo. Wanda ya kai wa wata ma'aikata buhunan hatsi ko teburan makaranta ko man mota bisa kiran waya, ba takardar oda, ba takardar shaidar karɓar kaya, ya ba da kyauta ne bai sani ba. Ranar da mai kiran ya bar kujera, wanda ya gaje shi zai ce bai ga komai a rubuce ba, kuma lauyan gwamnati zai maimaita haka gaban alƙali. Mai cikakkun takardu ma, bayan ya ci shari'a, wata tafiyar ce ke gabansa. Dokar OHADA, wadda ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar 17 ga Oktoba 1993 suke bi, Nijar a cikinsu, ta hana a ƙwace dukiyar ƙasa don biyan bashi. Ba a aika ma'aikacin kotu ya ja motar perefe zuwa gwanjo. Sai a bi layin baitulmali, kuma layin yana da tsawo.

A nan ne aikin lauyan gwamnati na ƙwarai yake bayyana, a wurin da ba mai ganinsa. Gwanintarsa ba a yawan shari'o'in da ya ja har ƙarshe take ba. Wanda ya karanta dosiye ya ga ƙasa ba ta da mafita, ya hau bene ya gaya wa minista cewa gara a kira mutumin nan a yi sulhu yau da a biya ninki bayan shekara biyar, ya fi amfani ga baitulmali. Faɗin haka kuwa ba sauƙi ba ne ga ma'aikacin da shi kansa yana ƙarƙashin dokar da yake karewa, ana iya yi masa canjin wuri kamar kowa, albashinsa kuma bai kai abin da abokin karatunsa mai zaman kansa ke samu a shari'a guda ba.

Wani lokaci kuma akan ba shi abin da ba ya karuwa. A 2007, Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a yankin Ƙonni, ta kai Nijar ƙara gaban kotun CEDEAO. Masu kare ƙasa sun kawo hujjar da suka saba da ita, cewa ba ta gama bin kotunan gida ba. Kotun ta ƙi wannan hujja, kuma ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce hukumomin mulki da na shari'a sun ga bauta ƙuru-ƙuru ba su hana ba, duk da dokar 2003 da ta mai da ita babban laifi. Aka ɗora wa ƙasa diyyar miliyan 10 na sefa, gwamnati ta karɓi hukuncin ta biya. Ba ƙasa ce ta sayi yarinyar ba, abin da wakilanta na can ƙasa suka yi da wanda suka ƙi yi ne ya zama bashi a wuyanta. Wannan ƙofa ta Abuja dai ta rufe ga sababbin ƙararraki bayan ficewar Nijar daga CEDEAO, wadda ta tabbata a Janairu 2025.

A cikin gida ma gine-ginen sun sha canji. A shekarun 1990 wani sashe ne na Kotun Ƙoli ke duba ƙarar da ake kai hukuma. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya ware kotun Conseil d'Etat ta zama ƙololuwa a wannan fanni, kuma har rigingimun naɗin sarakunan kanto da masu gari, waɗanda ƙasar Magarya da Dungas ba baƙuwarsu ba ce, can suke ƙarewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka jingine tsarin mulkin, aka kafa kotun Cour d'Etat ta ɗauki aikin. Sunaye sun canja, amma tambayoyin da ake yi wa dosiye suna nan yadda suke.

Saura maganar ƙananan hukumomi, kuma nan ne gyambon ya fi zurfi. Tun zaɓen 24 ga Yuli 2004, kowace komin mutum ce a idon doka, tana da kasafinta, tana ɗaukar ma'aikatanta, kuma shugabanta ne ke tsaya mata a kotu. An ga yadda sabon magajin gari kan shigo da mutanensa, ya sallami masu karɓar harajin kasuwa da sakatare da direban wanda ya gada, ba sanarwa, ba kuɗin sallama, wani lokaci ma a tarar ba a taɓa zuba musu ko dala a CNSS ba. Waɗanda aka kora sukan nufi Damagaram wurin sufeton ƙwadago, komin kuma ba ta da masanin doka ko ɗaya a cikin ma'aikatanta. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Kantoman da ya karɓi makullin biro a Bande ko a Mallawa ya karɓa har da ƙararrakin da magabatansa suka bari, da hukunce-hukuncen da ba a biya ba, da kabad ɗin takardu wanda a wurare da dama gara ta riga shi buɗewa.